Karnuka goma sha huɗu a kangon Kawu

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 tun kafin a kira azahar, wata karya ta fara zuwa fadarmu. Mu bakwai ne, muna zama gindin wata dogonyaro da butar shayi da rediyo. Ba abinci take nema ba. Inda muke watsa ruwan ɗaurayar kofuna take zuwa, ta sa harshe tana lasar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ranar farko wani cikinmu ya jefe ta da dutse, ta ɗan matsa, ta dawo. Rana ta uku na lura nonuwanta sun zubo, ashe shayarwa take. Na ɗauko wani tsohon bido a gida, na yanke gindinsa da wuƙa, na cika da ruwa na ajiye bayan iccen. Ta shanye tas, na ƙara, ta sake shanyewa.

Da a nan na tsaya, da na huta. Amma sai muka bi ta, muka tarar da kwiyakwiyai shida cikin wani rami kusa da juji. A lokacin kuwa ina yawan kallon bidiyoyin gidajen ajiye dabbobi na Turai a Facebook: kowane kare da ɗakinsa, da kwanonsa, da mai yi masa wanka. Ni a garinmu ban taɓa ganin irin wannan gida ba, don haka na ce mu ne za mu fara. Kawuna yana Abijan wajen bida, kamar Adarawa da yawa, kuma ya bar kango mai katanga da ƙofar langa-langa. Na kira shi ta WhatsApp.

"Kawu, ina son aron filinka, wasu dabbobi za mu ajiye."

"Tumaki ne?"

"A'a Kawu, karnuka."

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Kai yaro, lahiyarka ƙalau? To, kada dai in ji ƙara daga maƙwabta."

Cikin sati uku karnuka sun kai goma sha huɗu. Ba mu muka nemo su duka ba. Labari ne ya bazu cewa ga samari masu karɓar kare, sai yara suka riƙa kawowa, wasu ma da dare a jefo kwikwiyo ta saman katanga. Akwai wanda na tabbata yana da ubangida, ya gaji da shi ne kawai ya samu inda zai sauke nauyi. Abinci ya zama aiki: sauran tuwo daga gidajenmu, ƙanzo, da abin da wani mahauci ke tara mana na tarkacen da ba ya sayuwa. Ruwa kuwa saye muke wajen mai garuwa. Da dare in ɗaya ya fara haushi sai duka su ɗauka. Maƙwabciyar kangon, dattijuwa ce mai hawan jini, ta aiko jikarta sau biyu kafin ta zo da kanta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ladan da kake nema a kan kare, kada ka zubar da shi a kaina." Na ji kunya, amma ban daina ba, don a lokacin gani nake duk wanda ya yi magana rashin tausayi ne ke damunsa.

Sai ciwo ya shigo. Wani kwikwiyo da aka jefo mana ya fara amai da zawo mai jini da wari. Cikin kwana bakwai biyar sun mutu, huɗu daga cikinsu ƴaƴan karyar nan ce da na fara ba ruwa. Wannan ya tsaya mini a rai har yau, domin a raminsu na bakin juji lafiyarsu lau. Muka je wajen wani likitan dabbobi, wanda aikinsa na yau da kullum shanu ne da awaki, ya zo ya duba. Ya ce ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa tsakanin ƙananan karnuka ta hanyar kashi, tana iya yin watanni cikin ƙasa ba ta mutu ba, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta, sai ruwan jabel. Ya ce gidajen da nake gani a waya ba sa haɗa sabon zuwa da na gida sai sun ware shi kwanaki sun yi masa allura. Wannan ɓangaren ba a nuna shi a bidiyo.

Ba mu gama binne su ba, wani babban kare da aka kawo mana ya ciji ƙanena a ƙauri. Shekararsa tara, ya shiga kai musu ruwa. Wata mata ta ce a yanko gashin karen a ƙona a barbaɗa a ciwon. Allah ya taimake mu, likitan nan ya riga ya ja mana kunne. Na zaunar da yaron bakin famfo na yi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur ina duba agogon waya, yana kuka, Inna tana faɗa, sannan muka ɗauke shi a kabu-kabu zuwa asibiti aka fara masa allurar rigakafin haukan kare. Karen kuma aka ɗaure shi ana sa masa ido fiye da kwana goma. Bai nuna komai ba, yaron ya warke. Amma kuɗin alluran ya cinye abin da Baba ya ware na taki, kuma sati guda bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

A nan ne na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne. Mugun abin da ke tattare da shi, yana iya kwanciya a jiki wata biyu ko uku, ciwon cizon ya warke kowa ya manta, in alamu suka fito kuwa sai dai a yi addu'a. Rigakafin ya daɗe a duniya, tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro allurar a Faransa, shi ya sa ake ranar yaƙi da cutar duk 28 ga Satumba, ranar rasuwar Pasteur. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar zagayawa. Ke nan karen unguwa da aka yi wa allura, wanda ya san layinsa yake kuma korar baƙin karnuka, katanga ce ga yaran layin. Mu kuma mun kwashe su mun cusa wuri ɗaya, mun bar layukan a buɗe.

Mai unguwa ya kira mu. Na je da shirin a wanke ni tas, kuma an wanke ni. Liman na wurin, shi ne ya sassauta zaman. Ya tuna mana hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Amma ka duba da kyau, mutumin nan ruwa ya ba shi. Bai ɗauke shi ya kai bayan ɗakin maƙwabciyarsa ba." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Mun watse kangon cikin wata guda, kuma neman masu karɓa bai yi wuya yadda na zata ba. Masu lambun albasa na son kare saboda ɓarayi, masu garken tumaki ma haka. Wani Buzu da ke zuwa kasuwar Lahadi ya ɗauki ɗaya doguwa mai siririn ciki, ya duba ƙafafunta ya ce tana da jinin karnukan Azawak. Su can arewacin jiharmu kare ba abin jifa ba ne, tare da iyali yake zama, ana ba shi nono, kuma irin nasu ya yi suna har Turai ana kiwonsa da sunan Azawakh. Abin mamaki, a jiha ɗaya, a nan ana jifan kare da dutse, can ana alfahari da shi. Sharaɗinmu ɗaya ne ga duk wanda zai karɓa: sai an yi allura tukuna, kuma za mu leƙo bayan wata guda. Biyu mun karɓo su da muka tarar an ɗaure su a rana da guntun igiya.

Abin da muke yi yanzu ƙarami ne, bai da kyan hoto. Mun yanke tsofaffin tayoyi da bidoji mun ajiye wuri shida, kowane da izinin mai ƙofar gidan, nesa da masallaci da hanyar ƴan lakwal. Kowa na da ranarsa ta zuba ruwa da wankewa, domin ruwan da ya kwana uku gidan sauro ne, kuma da damina kifewa muke. Ba karnuka kaɗai ke sha ba. Kyanwoyi na zuwa da dare, tsuntsaye da safe, jakunan amalanke da rana, su da suka fi kowa wahala a garin nan. Duk Juma'a kowa na sa dala ashirin a gwangwani, akwai littafi, kuma wanda ke riƙe da kuɗi ba shi ke rubutawa ba. Ba ma sa hoton raunin dabba a intanet muna roƙo, na ga yadda hakan ke lalata zumunci in kuɗi suka shigo. In an tara abin da ya isa, mu bi gida-gida mu rubuta masu kare, mu tsayar da rana da likita, mu ne masu kamawa da riƙewa. Kwikwiyo sai ya kai wata uku ake masa ta haukan kare. Likitan ya ce abin da ya fi rasa a aikinsa ba magani ba ne, hannu ne da wanda ya san wane gida ke da me.

Akwai ƙananan abubuwa da na koya da tsada. Ba a ba kyanwa paracetamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Albasa, duk da ita ce arzikinmu daga Galmi har nan, tana lalata jinin kare da kyanwa, don haka miyar da ta ji albasa ba ta shiga kwanonsu. Baƙin man mota da ake shafa wa kare mai ƙazuwa ƙona fata yake, kuma yana lasa ya shiga ciki. Akwai allurarta wajen likita. In ka ga ƴaƴan kyanwa su kaɗai, kada ka yi saurin ɗauka, galibi uwar ta je farauta ne. Na taɓa ɗauko uku ina ba su madarar shanu, zawo ya kama su, da ƙyar ɗaya ta rayu, daga baya na ga uwar tana zagaye wurin tana kuka. Ranar Asabar ta farkon wata kuma muna tsince leda a layinmu. An yi dokar hana ta tun 2014, amma duk mahaucin da ka tambaya zai gaya maka abin da yake cirowa daga tumbin akuya.

Ƙanena, wanda aka ciza, shi ne yanzu mai koya wa yaran layi: kada a taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kada a matsa kusa da karya mai ƴaƴa, in kare ya biyo ka kada ka ruga, tsaya cik. Yana nuna musu tabon ƙaurinsa kamar lambar yabo.

Karyar nan ta farko tana nan. Ba wanda ya karɓe ta, mu ma ba mu matsa ba. An yi mata allura sau biyu, muka ɗaura mata jan ƙyalle a wuya don mutane su gane. Dattijuwar da ta yi mini faɗa ce ke ajiye mata ƙanzo yanzu, ta ce tun da take kwana bakin ƙofarta ba a sake ɗaukar mata kaza ba. Kawu ya dawo bara da azumi, ya zagaya kangonsa yana toshe hanci, ya sa muka kankare ƙasar muka zubo sabon rairayi amalanke huɗu, daga aljihunmu.