Kifin Da Ya Suɓuce Mini A Ƙarƙashin Gadar Tafkin Fork

Yau kwana tara ke nan, amma in na rufe ido ina ganinsa. Fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, faɗinsa ya kai tafin hannuna biyu in an jera, yana lilo a bakin zare, tsakaninsa da gefen jirgi bai fi taku guda ba. Leɓensa ya yage, ya faɗa ruwa, ya kaɗa jela sau ɗaya ya nutse. Komar da ya kamata in tare shi da ita tana can cikin but ɗin mota, ni na bar ta da hannuna saboda ina ganin kaya ne kawai.

Kifin shi ne wanda Amurkawa ke rubutawa crappie, mu a tsakaninmu kirafi muke ce masa. A ruwan Amurka ta Arewa yake, babu shi a gida. A fasali ya ɗan yi kama da karfasa, sai dai ya fi ta faɗin baki da manyan idanu, namansa kuma fari ne tas, ba ƙarni. Ni a bakin kogin Wudil na tashi. Tun ina yaro nake fatsa, da tana da ƙugiya da guntun totuwa, kuma tarwaɗa ce ta koya wa hannuna duk abin da ya iya: ka kai koto ƙasa, ka jira, in ta ja ka fizga da ƙarfi don ƙugiya ta shige. Wannan hannun na ɗauko na kawo Teksas, shi ne kuma ya cuce ni.

Sau uku ina zuwa Tafkin Fork ni kaɗai ban kama kirafi ko ɗaya ba. Daga Dalas tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, gabas. Tafki ne na madatsar ruwa da aka kammala a 1980, kuma da za a cika shi ba a sare yawancin itatuwan ba, an bar su tsaye ruwa ya shanye su. Har yau kana ganin kawunansu sun leƙo, wasu kuma suna ƙasa suna jiran farfelar wanda bai san hanya ba. Na je da zare mai kauri, babbar ƙugiya, dalma mai nauyi da gwangwanin tana. Na kama tarwaɗa, ƙanana huɗu a zuwa uku. Mutanen da ke kusa da ni kuwa suna ta ɗago kirafi ɗaya bayan ɗaya, a ruwa ɗaya, rana ɗaya. Abin ya ci mini rai sosai.

Wani dattijo da muke sallar Juma'a tare, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan kuma yana da ɗan ƙaramin jirgi mai inji, shi ya ji ina ƙorafi ya ce in shirya ranar Asabar. Da muka haɗu da asuba ya buɗe jakata ya duba, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ai kayan tarwaɗa ne. Kifin da kake nema ba ya kallon ƙasa."

Ya sa na riƙe wani da ya kama tun kafin gari ya gama wayewa, ya ce in dubi inda idanunsa suke da yadda bakinsa ya karkata sama. Kirafi daga ƙasa yake taso wa abinci. In koto yana samansa da ƙafa ɗaya ko biyu zai taso ya ɗauka. In yana ƙarƙashinsa, ko da taƙi ɗaya ne, sai ya wuni bai kula shi ba. Kuma ba a ƙasan ruwa yake zama ba, a tsakiya yake tsayawa, garke guda, manne da wani abu: reshen itace, tarin ƙirare da aka nutsar, ko ginshiƙin gada. Wato duk zuwan da na yi, kotona yana kwance cikin laka, kifayen suna can sama da shi da ƙafa goma, zarena yana ratsa tsakiyarsu.

Mun ɗaure jirgi a ƙarƙashin gadar hanya mai lamba 154, inda zurfin ruwan ya kai ƙafa ashirin da biyar. Alhaji ya ba ni sanda mai laushi da zare siriri, wanda aka rubuta ƙarfinsa fam 6, da irin ƙugiyar nan mai ɗan kan dalma da jelar roba da suke kira jig. Nauyinta bai kai giram 2 ba. Ya ce in saki zare ina awo da hannu, kamu-kamu, in fara daga ƙafa takwas, in riƙe shiru minti biyu, in ba komai in ƙara ƙafa biyu. A ƙafa goma sha biyu na ji ɗan ƙwanƙwasa guda, kamar an buga sandar da farce. Nan suke. Daga nan har hantsi ba mu ƙara sauya zurfi ba. Ya sa mini alama a zaren da baƙar maka don in riƙa komawa daidai wurin.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin motsi. Ni na ɗauka sai an yi ta girgiza jig ɗin don ya yi kama da mai rai. Ashe rawar hannun mutum da kaɗawar jirgi sun isa. Sau da yawa ma ba ka jin komai, sai dai ka ga zaren ya saki, ya yi lanƙwasa kamar koto ya taɓa ƙasa alhali ka san da sauran nisa. Kifin ne ya taso daga ƙasa ya ɗauka ya ci gaba da hawa. In idonka ba ya kan zare, ya tofar ya tafi ba ka sani ba. Haka kuma gefen inuwa na ginshiƙi ya fi gefen rana, nesa ba kusa ba, kuma dole jig ya kusan goga siminti. Taku biyu daga ginshiƙin, shiru kake ji.

Tun kifi na biyu Alhaji ya gargaɗe ni.

"Ka daina fizga, ƙanina. Ɗaga hannu kawai za ka yi. Bakinsa takarda ne."

Haka ma Turawan ke masa laƙabi, mai bakin takarda, domin fatar da ke bayan leɓensa siririya ce har kana iya hango haske ta ciki. Na ce to, Alhaji. Na ji da kunne, amma hannun bai ji ba. Ƙananan da na fizga sun fito lafiya saboda ba su da nauyin da zai yaga ramin ƙugiya, sai na ɗauka gargaɗin ya yi yawa. Ya tambaye ni ina komar da ya ce in sayo, na ce tana mota. Ya yi shiru. Tasa ta yage tun bara, da tawa ya dogara.

Wajen ƙarfe tara da rabi zaren ya saki. Na fizga, irin fizgar Wudil, har sandar ta yi ƙara. Nan take na san wannan daban ne, don bai biyo ni ba, ya kwanta ta gefe yana ja ƙasa. Na naɗo shi a hankali har ya fito fili ya baje a saman ruwa. Alhaji ya miƙe tsaye yana cewa, "Kar ka ɗaga shi! Bari in kai hannu!" Ban jira ba. Na ɗago shi da sanda kamar yadda na yi wa sauran. Ramin da fizgata ta riga ta buɗe a leɓensa ya ƙarasa yagewa.

Alhaji ya ce zai kai inci 16. Shi ba mai ƙara gishiri ba ne, kuma ya ce a shekarunsa na tafkin nan bai kama irinsa ya fi sau uku ba. Don a gane girman abin: dokar Teksas ta ce kirafi sai ya kai inci 10 za ka riƙe, kuma guda 25 a rana ga mutum ɗaya. Yawancin abin da ake kamawa inci 10 zuwa 12 ne. Kirafi iri biyu ne, fari da baƙi. Farin kirafi mafi girma da aka taɓa rubutawa a duniya, wanda aka kama a Enid ta jihar Misisifi a 1957, fam 5 ne da oza 3, bai kai kilo biyu da rabi ba. Kifi mai inci 16 mutum na iya shekaru bai sake ganinsa a bakin zarensa ba. Ni na gan shi a rana ta ta farko ta gaskiya, na kuma sake shi da kuskure biyu da aka riga aka faɗa mini tun da safe.

Abin da ya fi damuna, da ɗaya kaɗai na yi, da na tsira da kifina. Da na ɗaga hannu a hankali, ramin ba zai buɗe ba, wataƙila ya jure ɗagowar. Da koma na jirgi, ko da ramin ya buɗe, a ruwa za a tare shi. Na yi ta juya wannan lissafi a hanyar dawowa, har na wuce mahaɗar da zan karya ban lura ba.

Mun dawo da goma sha tara tsakaninmu, bakwai nawa. A bakin ruwa Alhaji ya koya mini bambance iri biyun: a ƙirga ƙayoyin baya, biyar ko shida fari ne, jikinsa da zane-zane a tsaye, bakwai ko takwas baƙi ne, ɗigonsa a warwatse. Ya kuma ja kunnena kan wata doka ta wannan tafkin: daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu babu maganar inci 10, duk wanda ka kama dole ka riƙe shi har ka cika 25. Dalili shi ne lokacin sanyi suna can ƙasa sosai, in an jawo su sama jakar iskar cikinsu na kumbura, ko an mayar da su ba sa rayuwa. Yanzu da ruwa ke ɗumi kuwa labarin na juyawa. In ya kai kamar digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas sukan baro gada su shiga bakin gaɓa don yin ƙwai, ruwan da bai wuce ƙugu ba, cikin ciyayi da saiwoyi. A lokacin ɗan kifi mai rai a ƙarƙashin abin shawagi ya isa, ko jirgi ba ka buƙata. Wanda zai yi haka ya nemi ƙugiya ta siririyar waya, domin in ta maƙale a reshe ka ja a hankali sai ta miƙe ta fito, ka lanƙwasa ta da yatsa ka ci gaba. Ni jig shida na bari a jikin itatuwan Fork a ranar.

A tafkin nan ne, a 1992, wani mutum da ya fito neman kirafi da ɗan kifi a ƙugiya ya kama wani kifi daban da ake kira bas, mai fam 18 da ɗoriya, wanda har yau shi ne bas mafi girma a tarihin Teksas. Alhaji ya ba ni labarin don ya sanyaya mini zuciya. Ni kuwa abin da na tambaye shi shi ne ko mutumin yana da koma a jirginsa.

Uwargida ta soya bakwai ɗin da garin masara da yaji, yara suka cinye har suna neman ƙari. Na ci, ya yi daɗi, amma ina ci ina auna faɗin farantin da idona, ina ganin inda wancan zai kai da an kwantar da shi.

Tun daga ranar, in na dawo aiki nakan ɗaura ƙaramar robar ruwa a bakin zare a bayan gida, in yi ta ɗaga ta da wuyan hannu kawai, ba kafaɗa, sau hamsin, don hannun ya manta da tarwaɗa. Komar kuma na kai ta gidan Alhaji ranar Lahadi, na ɗaure ta da igiya a jikin kujerar jirgin. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma, ya ce ginshiƙi na huɗu daga gefen gabas za mu fara dubawa, kafin kifayen su gama barin gada.