Darussa daga aiki da kamfanonin ba da shawara kan gudanarwa

Abu na farko da mai ɗaukar irin waɗannan kamfanoni yake ganewa, sau da yawa bayan an makara, shi ne wanda ya zo neman aikin ba shi zai yi aikin ba. Ranar gabatar da tayi manyan kamfanin ne za su zauna a gabanka. Da an sa hannu sai a turo matasa uku ko huɗu da ba su daɗe da gama jami'a ba, babban kuwa ya riƙa leƙowa jefi-jefi. Ribar daga nan take fitowa: kuɗin manya, aikin ƙanana. Don haka a rubuta sunan kowa a kwantaragi, da kwanakin da zai yi, da sharaɗin ba a canja mutum sai da yardar mai aiki, wato wanda ya ɗauki kamfanin.

Wurin da aka fi yin wasa da hankali shi ne alƙawarin rage kashe kuɗi. Idan ladan kamfanin kaso ne na abin da aka "tanada", to duk rigimar tana kan ma'aunin farko. Sai a zaɓi shekarar da kashe kuɗi ya yi tashin gwauron zabo a kwatanta da ita, ko a lissafa ragin da dama zai zo ko babu su. Irin wannan tsarin biya ne McKinsey, babban kamfanin ba da shawara na Amurka, ya yi da Eskom, kamfanin lantarki na Afirka ta Kudu, tare da kamfanin Trillian mai alaƙa da iyalan Gupta, 'yan kasuwar da aka zarga da almundahana a ƙasar, kuma a 2018 McKinsey ya mayar da kusan rand biliyan 1. Sashen kuɗi na mai aiki ne ya kamata ya tsayar da ma'aunin kafin a fara, wani daban ya tantance sakamakon kafin a biya.

Mafi muni a ganina shi ne raba ƙafa. McKinsey ya ba kamfanin magunguna na Purdue Pharma shawarar yadda zai haɓaka cinikin OxyContin, maganin ciwo mai sa jaraba, alhali wasu ma'aikatansa suna yi wa hukumar kula da magunguna ta Amurka aiki. A 2021 ya amince ya biya jihohin ƙasar dala miliyan 573, a 2024 kuma ya ƙara dala miliyan 650 ga gwamnatin tarayya. A Ostareliya, wani babba a PwC, kamfanin binciken kuɗi da ba da shawara, ya samu bayanan sirri kan dokar haraji da gwamnati ke shiryawa, aka yi amfani da su wajen jawo manyan kamfanonin da dokar za ta shafa. An ba kura ajiyar nama. Asirin ya tonu a 2023, har PwC ya sayar da sashen aikin gwamnatinsa a kan dala 1 ta Ostareliya.

Kamfanonin sukan ce akwai katanga tsakanin rukunonin ma'aikatansu, amma ba wanda ke waje da zai iya duba ta. Abin da za a iya nema a rubuce shi ne jerin ayyukan da kowane mutum a rukunin ya yi a fannin cikin 'yan shekarun baya, da haƙƙin soke kwantaragi idan aka ɓoye wani abu. A kuma tabbata bayanai da lissafin da aka gina shawarar a kansu sun zama mallakar mai aiki, domin idan suka tafi da su, kashi na biyu na aikin dole su za a sake kira.