Abin da na koya daga gyaran takardun ofis a wayoyin farko

Tun kafin iPhone da Android su mamaye hannun jama'a, masu aikin ofis sun fara cusa takardunsu cikin waya. Masu na'urar Palm suna da manhajar Documents To Go ta kamfanin DataViz, masu Nokia irin su E71 suna da Quickoffice, masu Windows Mobile kuwa suna da Pocket Word da Pocket Excel. Na yi aiki a wancan zamani, kuma babban abin da ya zauna mini a rai shi ne cewa takardar da waya ke nuna maka sau da yawa wani ɓangare ne kawai na abin da ke cikin fayil ɗin.

Dalilin yana cikin yadda manhajojin ke aiki. A farkon shekarun 2000, idan ka haɗa ƙaramar kwamfutar aljihu ta Pocket PC da kwamfuta ta manhajar ActiveSync, ana juya fayil ɗin Word zuwa wani tsari mai sauƙi da ƙaramar na'urar za ta iya ɗauka. Rubutu yana tsira, amma jadawali da sauran tsare-tsaren shafi sukan lalace ko su ɓace. Idan ka gyara kalma ɗaya ka adana, sannan ka mayar da shi kwamfuta a kan na asali, to asarar ta tabbata. A BlackBerry kuwa, wata uwar garke, wato babbar kwamfuta da ke can nesa, ita ce ke buɗe fayil ɗin da aka liƙa a imel, ta tsamo rubutun ta aiko maka kaɗan-kaɗan. Kana karantawa, amma takardar kanta ba ta iso hannunka ba.

Wannan ya sa na raba aiki gida biyu. Karatu na waya ne, gyara na kwamfuta. Idan abokin aiki ya turo rahoto ina kan hanya, sai in karanta, in rubuto masa a saƙo cewa a sakin layi na uku adadin bai dace da na jadawali ba, shi ya gyara a inda yake ganin komai. Idan kuwa dole ta sa sai na taɓa, sai in fara adana kwafi da wani suna, in bar na asali yadda yake. Har yau hannuna bai bar wannan ɗabi'a ba.

Excel ya fi ba ni tsoro. Allon E71 ɗigo 320 ne a faɗi, 240 a tsayi, saboda haka 'yan layuka kaɗan kake gani lokaci guda, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli. Da zarar ka gangara ƙasa, kan jadawalin ya ɓace, ba ka san ko lambar da ke gabanka ta kuɗin shiga ce ko ta fita ba. Mafi haɗari, gurbin da ke nuna lamba wataƙila lissafi ne a ƙarƙashinsa, kuma ka rubuta wani abu a kai ka kashe lissafin ba tare da wata alama ba. A nan na koyi duba abin da ke cikin gurbi kafin in yarda da abin da yake nunawa.

Sai kuma shekarar 2007, da Microsoft Office ya koma sabon tsarin fayil, docx na Word da xlsx na Excel. Wayoyi da dama suka kasa buɗe sababbin fayiloli har sai da aka sabunta manhajojinsu. iPhone ta farko, wadda ta fito a shekarar, tana nuna Word da Excel da PDF da kyau amma ba ta gyarawa, ko kwafa da liƙawa ba ta samu ba sai 2009.

Hakan ya canza yadda nake rubutu ga wasu. Na fara tambayar mutum a kan me zai buɗe takardar. Idan karantawa kawai zai yi, PDF nake turawa. Na rage ado, na ɗauko muhimmiyar magana na sa ta a layukan farko, jadawali mai faɗi kuma na karya shi gida-gida don ya shiga ƙaramin allo.