Na raka Gwaggo Legas a jirgin sama

Gwaggo ta rantse ba za ta hau jirgi ba. 'Yarta da ke aure a Agege ta haihu, mijin ya turo mana tikiti, amma ita ta ce gara ta bi motar shanu. Tsoron nata da tushe: tana budurwa aka yi hatsarin jirgin alhazai a Kano a 1973, inda mutum 176 suka rasu, kuma ba ta manta wanda ya faɗa kan gidaje a Gwammaja a 2002 ba. Sai da limamin ƙauyenmu ya sa baki, ya ce mata ajali ba ya tambayar abin hawa, sannan ta ɗaure kayanta.

Daga Ringim zuwa Kano babu abin faɗa sai hazo. Hazon ne kuma ya zaunar da mu a filin jirgin Malam Aminu Kano tun hantsi har bayan azahar. Na sayo mana ruwan gora biyu da ɗan biskit, kuɗin da na bayar zai cika kwando da tumatir a kasuwar Gujungu. Gwaggo ta ce in mayar, na ce ai na riga na buɗe. A wajen awon kaya aka sa na ciro fawa bank ɗina daga babbar jaka na riƙe a hannu, domin irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, kuma in a cikin jama'a yake za a gani a kashe. Man shanun da ta ƙulla wa maijego kuwa cikin babbar jakar aka tura shi, bayan doguwar muhawara.

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, amma ta yi mana tsawo. Matuƙin ya yi magana da Turanci mai gudu, ni da nake koyar da Turancin a firamare ma rabi na tsinta. Da muka kusa Legas jirgin ya shiga gargada, ya yi ƙasa kamar an zare mana kujeru, wata mata a baya ta fasa ihu, salati ya tashi ko'ina. Gwaggo ta damƙe hannuna tana cewa, "Ɗan nan, me ya ce? Me direban ya ce?" Bai ce komai ba. Fitilar ɗaura bel ce kawai ta kama.

Allah ya haɗa mu da wani dattijo a kujerar gefe, ya ce gyaran jirage ya yi har ya ajiye aiki. Shi ya leƙo ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, iska ce mai hawa da sauka a cikin gajimare, an ƙera jirgin ya jure abin da ya fi wannan." Ya ce waɗanda gargada ke ji wa ciwo galibi waɗanda ba su ɗaura bel ba ne. Ya nuna mata ma'aikaciyar jirgin da ke zaune tana hira da 'yar'uwarta, ya ce ta riƙa kallon fuskarsu. Ya kuma gaya mini ƙa'idar da ake koya wa matuƙa: riƙe jirgi tukuna, sannan sanin inda aka dosa, magana ita ce ta ƙarshe. Wato shirun matuƙi aiki ne. Na yarda, amma na ce masa in an san da hadari a gaba, me zai hana a faɗa tun kafin a shiga? Ya yi murmushi ya ce wani ya iya, wani bai iya ba. Ya ba Gwaggo alewa ta tsotsa saboda toshewar kunne, da muka sauka kuma ɗansa ya kai mu har Agege bai karɓi ko sisi ba.

A dawowa muka gamu da wanda ya iya. Bayan ya gama Turancinsa sai muka ji, "Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana." Jirgin ya yi tsit. Ya ce su biyu ne a gaba, shi da mataimakinsa. Ya ce za mu ɗan girgiza wajen ratsa gajimare, ba zai daɗe ba. Ya ce ƙarar da za mu ji a ƙarƙashinmu bayan tashi tayoyi ne ke shigewa. Sannan ya ce akwai hazo a Kano, in ya sauko bai ga titin jirgi yadda yake so ba, zai sake ɗagawa ya zagayo, kuma yana ɗauke da man da zai kai mu wani filin in ta kama.

Haka kuwa aka yi. Muna hango rufin kwano a cikin farin hazo, sai injin ya yi ruri, hancin jirgin ya koma sama, bayanmu ya manne da kujera. Da ba a gaya mana ba, na tabbata da an yi kuka. Amma Gwaggo ce ma ta juya tana gaya wa wata amarya, "Zagayowa zai yi, ai ya faɗa." Ya ɗan jima bai yi magana ba, ban damu ba, na tuna ƙa'idar dattijo. Da ya daidaita sai ya ce yana magana da masu hasumiya, wato masu ba jirage izinin sauka, za mu sake gwadawa. A karo na biyu muka dira lafiya, har da tafi.

Gargadar zuwa da ta dawowa kusan ɗaya ce, kalmomi 'yan kaɗan ne suka bambanta su. Na san Turanci ne harshen da matuƙa ke amfani da shi da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, ba ni da ja. Amma jirgin da ya taso daga Kano cike da 'yan kasuwa da tsofaffi, me zai rage wa kamfani in an maimaita bayanin bel da takunkumin iska da ƙofofin gaggawa da Hausa, ko da murya ce da aka naɗa? Garin da jirgi ya sauka a cikinsa tun 1925, har yau fasinjansa na zungurin na kusa yana tambayar me aka ce. Kuɗin tikitin kuma bai bar wa kowa uzuri ba.

A bakin ƙofa Gwaggo ta tsaya sai ta ga direba. Da ya leƙo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ya rusuna ya ce, "Amin, Mama."

Mai tasi ya tsuga mana kuɗi zuwa Yankaba, muka yi ciniki har muka gaji. Motar Ringim ta cika bayan la'asar, mu huɗu a layin mutum uku. Mun isa gida ana kiran isha, kunnena ɗaya bai buɗe ba sai washegari, burodin Agegen da muka yo tsaraba kuwa wani ya ɗora masa buhu a but.