Jijjigar farfela ta tafi, bayan wata biyu

'Yan'uwa, jiya da asuba na hau gadar Third Mainland ta Legas da a-kori-kurar nan da nake haɗawa a Agege, na taka har kilomita 90 a awa, kujera ko motsi. Na iso ƙarshen gada ina ta hamdala ni kaɗai a mota.

Tun da na sauya inji da giyabos, da zarar na kai 60 sai ƙasan motar ya kama kyarma, madubi ya daina nuna komai. Na zargi taya. Na zargi kuros, wato gaɓoɓin da ke gaba da bayan farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya), na je kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo sabbi har sau biyu, na kai farfela aka yi mata balans. Naira 70,000 ta tafi a banza, har yanzu abin yana min ciwo.

Wani dattijon makanike ɗan unguwarmu ne ya leƙa ƙasa ya ce, "Yaro, a kan jak ka yi waldar mazaunin sifirin ɗin nan ko?" Na ce e, Baba. Ya ce to sauke ta a kan tayoyinta, da nauyinta, ka auna.

Na kwanta a ƙasa da ma'aunin kusurwa na waya. Giyabos ya karkato ƙasa ta baya da digiri 3, farfela da 5, kenan kuros na gaba yana aiki a kan 2. Lafiya lau. Amma hancin aksil ɗin baya, wato inda farfela ke haɗuwa da shi, da ya kamata ya ɗaga sama da digiri 3 don karkatarsa ta zo ɗaya da ta giyabos, sai ga shi ya sunkuya da 2. Kuros na baya yana aiki a kan 7!

A nan ne na gane abin sosai. Kuros in ya lanƙwasa ba ya juyi da gudu ɗaya, yana sauri yana sassautawa sau biyu a kowane zagaye. Kuros na baya shi ke soke wannan rawar ta na gaba, amma sai in kusurwarsu ta zo ɗaya, kuma kunnuwan farfela masu riƙe kuros, na gaba da na baya, suna kan layi guda. Tawa 2 da 7, ta ina za su soke juna? Kuma kada wani ya ce zai mai da su sifili, ƙananan allurai na cikin kuros suna buƙatar kamar digiri 1 don su riƙa juyawa, in ba haka ba sai su ci wuri ɗaya.

Mai injin yankan ƙarfe ya fitar min da weji na digiri 4, wato ƙarfe mai kauri ta gefe ɗaya, siriri ta ɗaya gefen, na sa tsakanin sifirin da aksil. Hanci ya ɗaga sama da digiri 2. Da gangan na bar ragowar 1 ɗin, saboda sifirin yana murɗewa in an ba da wuta, hancin ya ƙara ɗagawa da kansa.

Saura in sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da aksil bayan mako guda, sannan in loda mata buhu goma a kasuwar Mile 12 in sake aunawa.