Farfaɗiyata da kyanwata

Shekara tara ke nan da likita ya tabbatar mini ina da farfaɗiya. Saƙonnin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna ne ke rikicewa lokaci guda, sai in faɗi ban san inda kaina yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mun kai kusan miliyan 50 a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ni maganin ina da shi, mantuwa ce ta dame ni.

Sai na tsinci 'yar kyanwa. Ƙarfe shida na safe take tashe ni da kukan yunwa, ba fashi. Na ajiye maganina kusa da kwanonta: in zuba mata, in haɗiye nawa. Tun daga nan da wuya in tsallake.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ta yi rashin lafiya. Kyanwa ɓoye ciwo take yi. Ta shige ƙarƙashin gado, ta daina ci, kwana biyu ban gane ba. Likitan dabbobi ya ce da na kawo ta da wuri. Jikina ya yi sanyi, don ni ma haka nake yi wa nawa likitan, kullum "lafiya lau", alhali ina kwana ban yi barci ba, kuma rashin barci na tayar da ciwon.

Yanzu ina da ɗan littafi. Duk faɗuwa, duk daren da ban runtsa ba, ina rubutawa in kai masa.