Yau auta ya rubuta "ɗaki"

Ɗazu da hantsi auta ya rubuta "ɗaki" a farantin yashi, ban riƙe masa hannu ba. Shekararsa 8, wata 5 ke nan muna fama da b da d, ga ɓ da ɗ sun zo sun ƙara dagula lamarin. A idonsa duk ɗaya suke, tumbin harafin ne kawai ke komawa dama ko hagu. Da fensir kuka yake yi, shi ya sa muka koma yashi da yatsa, in ya kuskure ya shafe da tafin hannu, babu jan biro. Da ya lanƙwasa ƙugiyar ɗ ɗin sai ya ɗago ya zuba min ido, yana jira in ce "a'a, sake". Wallahi kallon nan ya karya min zuciya. Ashe abin da ya saba ji daga bakina ke nan.

Yayarsa kuwa tana gefen tabarma, ta daɗe da gama lissafinta, tana ta zana furanni a bangon littafi. Ita sau ɗaya ake gaya mata abu, shi ya sa kullum da ita ake mantawa. Sai da ta ce "Umma, ni ba za ki duba nawa ba?" na farga ban waiwaye ta ba tun da muka zauna. Shinkafar da na ɗora ma ta kama. Tun da na fara koya musu a gida ban taɓa jin daɗi irin na yau ba, amma har yanzu ban iya raba kaina biyu a kan tabarma ɗaya ba.